Idan Bature Ya Ce “I'm Afraid”, Ba Tsoronka Yake Ji Ba

Ƙannena da 'ya'yana masu karatu a makarantun cikin birnin Zariya da kewaye, da ku masu sana'ar da waya ta haɗa ku da abokan ciniki na nesa, shawarata a kan kalmomi biyu ce na Turanci, wato “I'm afraid”. Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san fassararsu: ina jin tsoro. Fassarar ba ƙarya ba ce, sai dai rabin magana ce, kuma rabin da aka bari a baya shi ne wanda za ku fi cin karo da shi a ofis, da asibiti, da wasiƙar neman gurbin karatu, da saƙon mai sayen kaya. A mafi yawan waɗannan wurare mai faɗar kalmomin ba ya jin tsoron komai. Shirya ka yake yi don ka ji abin da ranka ba zai so ba.

A ɗauki ɗalibin da ya gama digiri a Samaru ko Kongo, ya nemi gurbin ƙarin karatu a wata jami'a ta Ingila. Bayan makonni amsa ta zo da jimla kamar haka: “I'm afraid we cannot offer you a place this year.” Idan ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, abin da zai shiga kunnensa shi ne, ina tsoron ba za mu iya ba ka gurbi ba bana. To, a Hausa wanda ya ce yana tsoron abu, abin bai faru ba tukuna. “Ina tsoron kada ruwa ya tare mu a hanya” magana ce ta wanda ya hango hadari, ba ta wanda ya riga ya jiƙe ba. Saboda haka yaron zai ɗauka da sauran dama, ya sake rubutu, ya zauna zaman jira, har lokacin neman wata makarantar ya kuɓuce masa. Alhali abin da aka gaya masa shi ne: sai dai ka yi haƙuri, bana babu gurbi. An riga an yanke hukunci tun kafin a ɗauki alƙalami.

Mu ma muna da irin wannan a bakinmu, shi ya sa nake ganin bai kamata abin ya ba Bahaushe wuya ba. Shiga kasuwar Amaru ka taya yadi da kuɗin da bai kai ba, mai kaya ba zai ce maka “ban sayar ba” kai tsaye. Cewa zai yi, “Albarka.” Baƙon da ya koyi Hausa a littafi zai ɗauka addu'a aka yi masa, ɗan gari kuwa ya san an ƙi tayinsa ne cikin mutunci. Haka “I'm afraid” take: kalma ce da aka ɗauko daga wani wuri aka ba ta aikin tausasa ƙi. Bambancinsu ɗaya ne, kuma shi nake so ku riƙe sosai. Bayan “albarka” ciniki yana ci gaba, kana iya ƙara wani abu a daidaita. Bayan “I'm afraid” kuwa, galibi ciniki ya ƙare.

Waɗanda suka yi karatun zaure a Limancin Kona ko Anguwan Juma, ko suka wuce makarantun Islamiyya, suna da wata hanya mafi kusa. Abin da Balarabe yake nufi da “ma'al asaf”, shi Bature yake nufi a nan. Ba “akhafu” ba ce.

Ba abin mamaki ba ne a ce wannan salo ya zauna daram a Turancin da ake rubutawa a garin nan. Turancin da muka gada na Ingila ne, kuma Zariya tana cikin ƙofofin da ya bi ya shigo Arewa. A cikin birni wani Bature mai suna Dokta Miller ya buɗe makarantarsa a farkon ƙarni na 20 kafin a mayar da ita Wusasa a 1929. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, inda Abubakar Imam da abokan aikinsa suke juya labaran Turanci zuwa Hausa. Kwalejin Barewa ta dawo nan a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman da suka koyar da iyayenmu a waɗannan wurare da yawansu 'yan Birtaniya ne, mutanen da suka shahara da kewaye-kewaye idan za su ce a'a. Wasiƙun ofis, da hirar likitoci, da maganar alƙalai da lauyoyi duk sun ɗauko wannan ɗabi'a. Ita kanta kalmar “afraid” ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, daga wata kalma mai nufin a tayar wa mutum hankali, kuma tun ƙarshen ƙarni na 16 Turawa suke amfani da ita wajen ba da haƙuri. Ashe ba yayin zamani ba ne, tsohon abu ne a harshensu. Mutanen Amurka sun san shi, amma sun fi yawan cewa “unfortunately” ko “I'm sorry, but”.

Yanzu ta yaya za ka gane wace ce wace? Kada ka tsaya a kan “afraid”. Kasa kunne ga abin da ya biyo bayanta, can ne ma'anar take.

Idan “of” ce ta biyo, tsoro ne na gaske. “She is afraid of dogs”, tana tsoron karnuka. Idan aikatau ne zai zo bayan “of”, dole ya ɗauki “ing” a ƙarshensa: “I am afraid of failing the exam”, ina tsoron faɗuwa jarrabawa. Idan “to” ce ta biyo, shi ma tsoro ne na gaske, amma tsoron aikata abin da yake hannunka ka yi ko ka bari: “He is afraid to ask the lecturer”, yana tsoron ya tambayi malami. Bambancin su biyun yana fitowa a jarrabawa, don haka ga jimla ɗaya da ta haɗa su. Tsohuwar da ta tsaya a bakin titi a Ƙofar Doka da yamma, babura da motoci suna kai da kawowa, za a ce da ita “She is afraid to cross the road because she is afraid of being knocked down.” Tsallaka titi aikinta ne, ita za ta zaɓa, sai ya ɗauki “to”. Bugewar mota kuwa abu ne da zai same ta ba da sonta ba, sai ya ɗauki “of”. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar haddar wata doka.

Sai “for”, wadda ƙarama ce amma kuskurenta yana ɓata zumunci. “I am afraid for my brother” na nufin ina jiye wa ɗan'uwana tsoro, kamar yadda uwa take ji idan ɗanta direba ya kama hanyar Birnin Gwari. “I am afraid of my brother” kuwa na nufin shi kansa nake tsoro, kamar dai mugu ne ko mai duka. Ta farko ƙauna ce, ta biyu zargi. Matar da take rubuta wa wata hukuma takarda a kan mijinta marar lafiya, idan ta sa “of” a gurbin “for”, ta faɗi abin da ba ta nufa ba, kuma a wasu ƙasashen irin wannan jimla tana iya jawo bincike.

Inda rikicin yake shi ne idan cikakkiyar jimla ce ta biyo baya, ko da “that” ko babu ita. A nan kalmomin suna iya ɗaukar kowace ma'ana cikin biyun. Manomin da ya ce “I'm afraid the rain might spoil the maize” fargaba yake yi da gaske, domin ruwan bai zo ba, kuma ba a hannunsa yake ba. Ma'aikacin da ya ce “I'm afraid the office is closed” kuwa ba ya fargabar komai, shi ne ma ya kulle ƙofar. Ga ma'aunin da nake ba ɗalibai. Tambayi kanka, shin mai maganar ya riga ya san gaskiyar abin, ko kuwa shi ma jira yake ya gani? Idan ya riga ya sani, haƙuri yake ba ka. Idan ka ji “may” ko “might” a cikin jimlar, sau da yawa shi ma bai tabbata ba. Hanya ta biyu ta fi sauƙi: cire “I'm afraid” ka sa “sai haƙuri” a gurbinta. In maganar ta zauna daidai, to ka kama ma'anar. “Sai haƙuri, an rufe ofis” ta zauna. “Sai haƙuri, tana tsoron karnuka” ba ta zauna ba.

Akwai wuri ɗaya da ma'anonin biyu suke haɗuwa, kuma shi ne wurin da kuskure ya fi tsada, wato gaban likita. A asibitin koyarwa na Shika da sauran manyan asibitoci, likitoci da Turanci suke tattauna halin marar lafiya, kuma sau da yawa ɗalibin gida ne ake turawa ya saurara ya dawo ya gaya wa iyaye. Idan likita ya fara da “I'm afraid”, gyara zama ka buɗe kunne, domin abin da zai biyo baya mai nauyi ne. “I'm afraid we have to operate” ba shawara yake nema ba, yana gaya maka sai an yi aiki. “I'm afraid he may not recover” kuwa ta haɗa tausayi da damuwa, kuma likita ba ya faɗinta da wasa. Kada ka koma gida ka ce likita ya ce yana jin tsoro, ka bar tsofaffi suna tunanin ko likitan ne bai iya aikinsa ba, har a ɗauke marar lafiya a tafi neman wani. Faɗa musu abin da aka ce yadda aka ce shi, da irin lafazin da ka san ana gaya wa babba magana mai nauyi. In ba ka gane ba, roƙi likitan ya maimaita da Hausa ko a kira ma'aikaciyar jinya ta yi bayani. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu kunya a wannan wuri.

Akwai gajerun amsoshi biyu da suka kamata su zauna a bakinka. Ka tambaya, “Do I have to pay again?”, aka ce “I'm afraid so.” Amsar ita ce e, sai haƙuri. Ka tambaya, “Is the result out?”, aka ce “I'm afraid not.” Amsar ita ce a'a, sai haƙuri. Lura da mazaunin “not”, domin “I'm afraid not” daban take da “I'm not afraid”. Ta farko a'a ce mai ladabi, ta biyu kuwa ita ce ba na jin tsoro. A waya, inda murya take yankewa, mutane kan rikita su. Kuma ba a cewa “I'm afraid yes” ko “I'm afraid no”. “So” da “not” ne suke wannan aiki.

Wani abin lura kuma, ma'anar ba da haƙuri tana tafiya ne da mai magana kansa, a lokacin da yake maganar. Da zarar an koma ga wani mutum ko lokacin da ya wuce, tsoro ya dawo. “He was afraid the office was closed” na nufin ya yi fargabar ko an rufe ofis. Haka kuma kalmomin ba dole su zo a farko ba. Suna iya zuwa ƙarshe, kamar “The form is finished, I'm afraid”, ma'anar dai ita ce.

To, an gaya maka, me za ka ce? Abu na farko, kada ka ce “Don't be afraid, sir”, kada kuma ka tambaya “Why are you afraid?” Ko da niyyarka mai kyau ce, mai saurare zai ɗauka ko dai ba ka fahimta ba, ko kana yi masa rashin kunya. Ka ce “I understand, thank you”, na gane, na gode. Daga nan sai ka yi tambayar da za ta amfane ka: “Is there any other way?”, ko “When can I apply again?”, ko “Could you tell me the reason?” A al'adarmu, idan babba ya ce ba zai yiwu ba, mukan durƙusa mu ce a taimaka ranka ya daɗe, a duba mana don Allah, kuma sau da yawa roƙon yana aiki, domin mai unguwa ko ubangida yana da ikon sauya maganarsa, kuma akwai sanayya a tsakani. Ba na raina wannan ko kaɗan, yana cikin abin da ya riƙe zaman tare a birni. Amma ma'aikaciyar da ta aiko maka wasiƙa daga wata jami'a a Ingila, ko jami'in ofishin jakadanci, yawanci ba shi da ikon sauya komai, isar da hukunci kawai yake yi. Wasiƙar magiya mai shafi biyu ba za ta buɗe ƙofar ba. Tambayar dalili da tambayar hanyar ɗaukaka ƙara ko sake nema, su ne suke da amfani. A ofisoshinmu na gida abin yana iya bambanta, domin mutum na iya furta kalmar Bature da zuciyar Bahaushe. Nan kam sai ka dubi fuska da yanayi.

Yanzu ga yadda kai ma za ka yi amfani da su, domin kayan aiki ne mai kyau ga wanda ya iya riƙe shi. Ina tunanin masu ɗinkin babbar riga da aikin hannu da birnin nan ya yi suna da su, waɗanda yanzu ake yi musu oda ta WhatsApp daga Legas da Abuja da ƙasashen waje. Saura kwana kaɗan Sallah, wani ya aiko yana son aska takwas, alhali aikin hannu ba ya karɓar gaggawa. Idan ka rubuta “It is not possible” kawai, maganar ta bushe, mai karatu zai ji kamar an kore shi. Idan ka yi shiru don kunyar ƙi, ko ka amsa alhali ka san ba za ta yiwu ba, ka sayi rigimar gobe. Abin da ya fi shi ne ka jera abubuwa uku: tausasawa, sai gaskiya, sai mafita. “I'm afraid it won't be ready before Sallah, but I can send it the week after.” Ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa gaskiya, ka nuna masa abin da za ka iya. Haka wajen farashi: “I'm afraid I can't go below that price.” Wanda ya san Turanci zai gane ka kai ƙarshe, kuma ba zai ji an wulaƙanta shi ba. Ɗalibi ma haka, in an sa taro ranar da yake da uzuri: “I'm afraid I won't be able to attend on Monday.”

Sai dai akwai inda ba ta shiga. Idan kai ne ka yi laifi, ka yi alkawari ka saɓa, to “I'm afraid” ba za ta wanke ka ba. Ita tana jingina abu ne ga hali da yanayi, kamar ka ce haka abin ya zo. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya manta da aikinsa, sannan ya rubuta “I'm afraid your gown is not ready”, ya ƙara laifi a kan laifi, domin ya yi magana kamar ba shi da hannu. Abin da ya wajaba a kansa shi ne “I'm sorry, it was my fault”, ni na yi kuskure, a gafarce ni. Ba a kuma haɗa ta da labari mai daɗi. Ba a cewa “I'm afraid you have passed”. Sannan sau ɗaya ta isa a saƙo guda. Wanda ya maimaita ta a kowace jimla yakan zama kamar mai neman kuɓuta.

Wajen saɓa wa babba kuwa sai an yi hattara ƙwarai. “I'm afraid I don't agree” tana da kyau a zauren muhawara ko tsakanin abokan aiki. Amma “I'm afraid you are wrong” ko da an tausasa ta, tana nan da kaifinta, kuma daga bakin ɗalibi zuwa ga malamin da yake duba masa kundin digiri, rashin ladabi ce. Ku da kuka taso a birni kun san yadda almajiri yake yi idan ya ga malam ya yi tuntuɓe a karatu. Ba ya cewa malam ya yi kuskure. Cewa yake yi, Allah ya gafarta Malam, ni dai a nawa littafin haka na gani, ko ban fahimta ba ne. Ɗauki wannan tarbiyyar ka kai ta Turanci, ka ɗora nauyin a kanka: “I may be wrong, sir, but I understood it differently.” Ladabin da aka koya maka a zaure ya fi duk wata jimlar da za ka haddace.

Akwai wata magana da nakan ji daga samari, kuma ina ganin ta cancanci amsa ta gaskiya. Wasu sukan ce bakinsu ba ya iya furta “I'm afraid”, domin namiji ba ya cewa yana jin tsoro, kuma Musulmi ba ya tsoron kowa sai Allah. Na fahimci inda wannan ya fito, kuma ina girmama shi. Amma wanda ya ce “I'm afraid the shop is closed” bai bayyana tsoron wani mahaluki ba, bai kuma taɓa tawakkalinsa ba. Haƙuri kawai ya bayar, kuma tausasa harshe ga wanda za ka hana abu yana cikin kyawawan ɗabi'un da addini ya yi umarni da su. Tun da maganar ta zo nan, ga wani gyara. Mai tsoron Allah a Turanci “God-fearing” ne, tsoron Allah kuma “the fear of God”. A takardar shaidar hali da za ka rubuta wa wani, ka ce “He is a God-fearing man”. Idan ka ce “He is afraid of God”, za a ji kamar mai laifi ne da yake gudun kamu.

In kuma da gaske hankalinka ne a tashe, kana son a san haka, to zaɓi kalmar da ba ta da harshen damo. “I'm worried about my mother”, ina cikin damuwa a kan mahaifiyata. “I'm concerned about” ta fi dacewa da ofis da wasiƙa, kamar uban da yake rubuta wa shugaban makaranta a kan karatun ɗansa. “I'm scared” ta hira ce tsakanin abokai, “I'm terrified” kuwa razana ce mai tsanani, “I'm nervous” ita ce faɗuwar gaban da ake yi kafin jarrabawa ko ganawar neman aiki. “Anxious” tana da fuska biyu: “anxious about” fargaba ce, “anxious to” kuwa ɗoki ne, kamar “I am anxious to see you”, na ƙosa in gan ka. Abin da muke cewa don gudun kada, shi ne “for fear of”. “I fear that” tana nan, amma ta fi zama a jawabi da rubutun jarida.

Ku kuma masu karatun jinya da likitanci da kuke shirin jarrabawar IELTS, da masu kai iyaye asibiti a ƙasar waje, ga wani tarko. Muna cewa cikina yana damuna, sai mu juya shi zuwa “My stomach is worrying me”. A Nijeriya kowane likita zai gane ciwo kake nufi. A Ingila kuwa “worry” aikin zuciya ne da tunani, don haka za a iya ɗauka fargaba kake yi a kan cikin, ba ciwo yake yi ba. Ka ce “My stomach hurts” ko “I have a pain in my stomach”.

Sauran kurakuran na takardar jarrabawa ne, kuma gyaransu ba wuya. “Afraid” ba aikatau ba ce, don haka ba a cewa “I afraid”. Dole a sa aikatau irin su “am” ko “is” ko “are” kafin ta. Rubutun waya ya koya wa yara “Am afraid” babu “I”, kuma mai makin WAEC ko NECO ba zai yafe wannan ba. “Afraid” ba ta zuwa gaban suna, ba a cewa “an afraid boy”, sai dai “a frightened boy”. Masu Larabci sukan ce “afraid from”, domin “min” da suka saba da ita, alhali “of” ce. Tsoro ya kama ni kuwa Hausa ce tsantsa, kuma “fear is catching me” yana tafiya a Turancin kasuwa, amma a takarda ka rubuta “I became afraid” ko “I was frightened”. A wasiƙar hukuma kada ka taƙaita, rubuta “I am afraid” cikakkiya, ko ka ɗauki “I regret to inform you” wadda ta fi nauyi. Wajen furuci, gaɓa biyu ce kawai, kuma nauyin murya yana kan ta biyu. Harshenmu yana son cusa wasali tsakanin “f” da “r”, sai kalmar ta koma gaɓa uku. Saurari yadda masu karanta labaran BBC na Turanci suke faɗarta, ka maimaita a hankali har bakinka ya saba.

Ƙaramin ƙamus mai ba da kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya ba zai nuna maka duk wannan ba. Nemi babba irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ake samu a shagunan littattafai da kuma kan waya, ka buɗe “afraid”, kada ka tsaya a layin farko. Gangara ƙasa inda aka jera salon magana da misalai, can za ka tarar da abin da muke tattaunawa. Ka mai da wannan al'adarka ga kowace kalma da ka ɗauka ka riga ka sani.

Roƙona ga malaman Turanci na Alhudahuda da sauran makarantun cikin birni, na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya, shi ne a ware darasi ko da guda ɗaya a kan wannan kafin yara su fita aji shida. A haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin ofis mai hanawa, ɗaya mai nema, su yi da Hausa tukuna sannan su juya zuwa Turanci. Kai kuma mai karatu, buɗe wayarka yau ka duba saƙonnin da aka taɓa aiko maka da waɗannan kalmomi, ka sake karanta su. In akwai wanda kake zaman jiran amsarsa alhali an riga an ba ka ita, tashi ka nemi wata ƙofar tun lokaci bai ƙure ba.